Gargaɗi a kan masu hawan jinin ido da ba su komawa ga likita

 Ya ku malamai da almajirai, ku sani akwai cutar ido da likitoci ke kira glakoma, mu kuwa muna ce mata hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba. Ruwan da ke cikin ƙwayar ido ne ke rasa mafita, ya matse jijiyar gani har ta mutu. Galibi ba ta zafi, ido ba ya ja. Daga gefe take fara cin gani, sai ka ga mutum yana karanta allo garau alhali yana tuntuɓe da turmi. Abin da ta ci kuwa ba ya komowa, saɓanin yana wadda ake cirewa a gani.

A binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, an samu cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama kamar 5 suna da ita, mafi yawansu ba su sani ba, kuma ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yana.

Wanda aka gane cutar a idonsa, likita yana yanka masa rana ya komo, a auna matsin idon, a ga ko maganin ɗigawa ya riƙe shi ko sai an yi aiki. Da yawa ba su komawa, sai a ce sakaci ne. Ni dai ban gamsu ba. Ku dubi su wane ne ke fashi.

Tsoho ne wanda ba ya tafiya sai da ɗan jagora, kuɗin motarsa na mutum biyu ne, kuma manyan asibitocin ido suna birane, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ECWA a Kano. Manomi ne wanda ranarsa ta faɗo tsakiyar noman farko. Mace ce wadda ba ta fita sai da izinin miji da kuɗinsa da mai rakiya. A nan wani zai ce malaman fiƙihu da yawa ba su lissafa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba kan miji ba. To, ko an sallama masa wannan, tsare mace a ɗaka har ta makance cutarwa ce, kuma babu malamin da ya halatta cutarwa.

Sa'an nan ga wanda ya shafe mu kai tsaye. Ana rubuta ranar a kati da boko, da lissafin watannin Nasara, a miƙa wa mutumin da ke ƙidaya da Rajab da Sha'aban da ranar kasuwa. Ya soke katin a jinka, rana ta wuce bai sani ba, daga baya kunya ta hana shi zuwa. Wace wahala ce almajiri ya nemi a karanta masa katin, ya juya ranar da ajami a bayansa, ya ce: Baba, ranarka Talata ce, kwana uku bayan kasuwa?

Wasu kuma suna bari domin sun ɗiga wata biyu gani bai ƙaru ba, sai su koma ga tozali da rubutu. Ku faɗa musu aikin maganin tsare saura ne, ba mayar da abin da ya tafi ba. Addu'a a yi ta, amma malamin da ya ce wa mai wannan cuta ya ajiye kwalba, ya ɗauki alhaki. Haka da azumi, wasu suna daina ɗigawa don tsoron ya kai maƙogwaro. Su tambayi likita ya daidaita musu lokaci zuwa sahur da bayan buɗa baki, su danne kusurwar ido ta wajen hanci bayan ɗigawa.

Kuma cutar tana bin dangi. Mai rakiya, in ɗa ne ko ƙane, a auna shi ran nan tun da ya riga ya biya mota.