KIFIN DA KE RENON 'YA'YANSA A BAKI

A tsibiran Banggai na ƙasar Indunusiya akwai wani ɗan kifi mai ratsin baƙi da fari, tsawonsa bai wuce santimita 8 ba, ana kiransa kadinal. Da masu kiwon kifin ƙawa suka ƙyalla ido a kansa, sai masunta suka dinga kwasarsa ana kaiwa Turai da Amurka, har a 2007 aka sa shi cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

To, mafitarsa tana cikin halittarsa. Idan mace ta saki ƙwai, namijin ne ke kwashewa a bakinsa. Ƙwan kan yi kamar kwana 20 kafin ƙyanƙyasa, sa'an nan 'ya'yan su ƙara wajen kwana 10 a ciki. Duk wannan lokaci uban ba ya cin komai.

Don haka 'ya'yan kan fito da ƙwarinsu, renonsu a akwatin gilashi mai ruwan gishiri ba ya wuya. Sai dai a raba su da uban da zarar ya tofar da su, gama yunwa kan sa ya haɗiye su. A teku cikin ƙayoyin bushiyar teku suke ɓuya. A gida tsinkayen roba sun wadatar. Abincinsu ƙananan jatan lande na Atemiya, sabbin ƙyanƙyasa, sau da yawa a yini. Uban kuwa a ƙosar da shi kafin a mayar da shi wurin mace.

Duk ɗan kadinal da aka rena a gida, ɗaya ke nan aka bar wa tekun Banggai.