Mun Kori CSE, Me Muka Koya Wa 'Ya'yanmu?

Tun daga watan Satumba na 2019, lokacin da labari ya game ƙasar Gana cewa Hukumar Ilimi tana shirin shigar da darasin jinsi da saduwa, wanda kowa ya sani da sunan CSE, cikin makarantun gwamnati tun daga azuzuwan ƙananan yara, wani ra'ayi ya samu gindin zama a zangunanmu na Nima da Mamobi da Kanda da Sabon Zango a Akra, ya shiga huɗubar Juma'a da majalisar dattawa da wurin suna da walima, wato wai mun yi yaƙi mun ci nasara, mun tare fitina tun daga bakin ƙofa, saboda haka 'ya'yanmu sun tsira. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa yaudarar kai ce, kuma 'yan matanmu ne suke ɗanɗana kuɗarta.

Ban ga laifin waɗanda suka tashi tsaye a wancan lokaci ba, domin ina cikinsu. Ofishin Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da shugabannin Kirista, da ƙungiyar lauya Moses Foh-Amoaning, duk sun yi magana da murya guda, har Ministan Ilimi na lokacin, Matthew Opoku Prempeh, ya fito ya ce ba a amince da wannan manhaja ba, shi kuma Shugaban Ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya tsaya a wata majami'a a Kumasi cikin watan Oktoba ya yi alkawarin cewa a zamaninsa ba za a koya wa yara abin da ya saɓa wa ɗabi'un ƙasa ba. Tsarin da aka shirya da hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ba tare da an zauna da iyaye da malamai an ji ta bakinsu ba, lalle ya cancanci a mayar da shi. Haka nan tsoron da ake yi game da ba wa yara maganin tsayar da balaga domin sauya jinsi yana da hujja, tunda a Ingila kanta, a sanadin binciken da likita Hilary Cass ta jagoranta, wanda ya nuna cewa dalilan da aka dogara da su masu rauni ne, hukumar lafiya ta daina ba da maganin yadda ta saba, asibitin Tavistock da ya shahara da wannan aiki aka rufe sashensa, Finlan da Suwidin kuwa sun riga su ja da baya. Wanda bai kai ga taklifi ba, bai kamata a yanke wa jikinsa hukuncin da ba ya warwaruwa ba.

To, amma wannan mas'ala ta Turai, duk da girmanta, ba ita ce take raba 'yar Zango da makaranta tana shekara 14 ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Gana ta nuna cewa daga 2016 zuwa 2020 an rubuta ciki 555,575 na 'yan mata masu shekara 10 zuwa 19, kuma 13,444 daga ciki na yara ne 'yan shekara 10 zuwa 14. Lissafin na ƙasa baki ɗaya ne, kuma akwai matan aure a cikin manyan, amma duk wanda ya zauna a gidan haya na Nima, inda ba a ɓoye amai da safe, ya san muna da rabonmu a ciki. Manhajar da muka yi rigima a kanta ba a taɓa koyar da ita ko da rana ɗaya ba, don haka ba za a ɗora mata alhakin waɗannan yara ba. Majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin hana luwaɗi da maɗigo ranar 28 ga Fabrairu, 2024, aka yi ta muhawara a kan sa hannun Shugaban Ƙasa, muka bi zancen a rediyo dare da rana, alhali ban ji an kashe ko da ushirin wannan himma a kan yarinyar da ta ga jinin farko ba ta san mene ne ba. Mun zama mai gidan da ya tsare ƙofar zaure da sanda, katangar baya kuwa ta daɗe da rushewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka ɗauki shirun nan aka sa masa rigar addini, ana cewa kunya ce, alhali littattafan da kakanninmu suka ɗauko daga Kano da Katsina a kan hanyar fataucin goro, suka zaunar da su a Salaga da Kete Karachi da Kumasi kafin su iso Akra, ba su san irin wannan kunya ba. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ta haura shekara dubu a hannun Malikawa, mai ita ya bayyana tun a gabatarwa cewa domin a karantar da yara ya wallafa ta, kuma da ya gama babin tauhidi bai tsaya ko'ina ba sai a kan abin da ke wajabta alwala da wanka, inda ya rarrabe maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya siffanta kowanne, ya yi bayanin haila da istihala da jinin biƙi, da lafazin da babu lauje cikin naɗi. Ahalari, wanda yaro ke fara fiƙihu da shi, yana da fasalin haila da na nifasi. Suratun Nur ta ƙayyade lokuta uku da yaro zai nemi izini kafin ya shiga wurin iyayensa, hadisi ya yi umurni a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma, kuma Ummu Sulaimin ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin macen da ta yi mafarki, ya amsa mata bai tsawata ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin tsarki da salla, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta naɗa jajis, wato malamai mata, suka bi ƙauyuka suna karantar da mata. Sanin hukuncin jiki farali ne a kan duk wanda ya balaga, namiji ko mace, kuma ba a wajabta wa mutum wanka a ɓoye masa dalilin wankan.

Amma je ka zauna a wata makarantar allo ta unguwarmu ranar Asabar da hantsi, ka ga abin da ke faruwa in karatu ya iso wannan babi. Malam ya yi gyaran murya, ya karanta Larabcin da sauri ba fassara, ko ya ɗaga shafin ya ce, "Wannan ku bar shi sai kun girma." Yaran su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Cikinsu akwai wadda ta fara al'ada tun watannin baya, tana yage tsohon zanen uwarta tana wankewa da dare kada a gani, tana salla cikin jini domin ba ta san an ɗauke mata ba, kuma tana tsoron in ta tambaya a ce ta san maza. Da dare ta koma ɗaki guda da iyaye da ƙanne shida, labule ne kaɗai tsakani, wayar yayanta tana hannu, intanet kuwa ba ya ɗaga shafi ya ce sai an girma. Ƙawarta ce muftinta, mai shagon magani na bakin kwata shi ne likitanta.

Daga nan sai mu zo ga abin da ba a so a faɗa. Dokar Gana ta ɗauki saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba a matsayin babban laifi, ko da yardarta, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 25, kuma 'yan sanda suna da sashe na musamman, DOVVSU, domin irin wannan ƙara. Amma sau nawa magana take isa can? Mai laifin galibi ba baƙo ba ne: maƙwabci ne, ko kawu, ko mai ba ta kuɗin koko da safe, wani lokaci ma wanda aka damƙa masa amanar karatunta. Sai dattawa su taru bayan sallar isha'i, a kawo goro, a ce, "A rufa asiri, duk gida ɗaya ne," a tura yarinyar ƙauye wurin gwaggo, shi kuwa ya ci gaba da tsayawa a sahun farko. Yarinyar da ba a taɓa gaya mata cewa jikinta amana ne, akwai wurin da babu mai ikon taɓawa ko wane ne shi, kuma in an taɓa ta faɗa ba za a doke ta ba, da wane baki za ta kai ƙara?

Za a ce mini koyar da yara irin wannan yana buɗe musu ido. Idonsu a buɗe yake tun kafin mu farga, abin da ya rage kawai shi ne wa zai fara yi musu bayani, mai tsoron Allah ko mai neman lalata su. Za a kuma ce aikin iyaye ne. Na yarda, sai dai uwar da ita ma ba a koya mata ba, wadda take fita tun asuba da tukunyar waake ta dawo bayan magariba, ba a yi mata adalci ba in aka jibga mata wannan nauyi ita kaɗai, aka wanke hannun liman da malam.

Muna da kayan aiki. Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 ƙarƙashin Hukumar Ilimi, yana da makarantu da malaman Arabiyya a ko'ina cikin ƙasa. Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a nan Kanda a 2021 yana da fili da martabar da za su tara malaman Tijjaniyya da na Ahlus Sunna a kan tabarma guda, domin a babin tsarki saɓaninsu kaɗan ne. Muna da 'ya'yanmu mata da suka zama nas da ungozoma, da malamai mata masu wa'azi a unguwanni. Abin da nake nema ga Ofishin Limamin Ƙasa shi ne ya kira waɗannan, su rubuta ɗan littafi da Hausa da Turanci, a gina shi a kan Ahalari da Risala, a ƙara masa bayanin likita game da balaga da ciki da cututtuka, da bayanin doka da inda ake kai ƙara, mata su karantar da 'yan mata, maza su karantar da samari, daga shekara goma, a kowace makarantar Zango, kuma a karanta wa iyaye shi tukuna su sa albarka. Sa'an nan limamai su faɗa a kan mumbari, da sunan laifin ƙarara, cewa wanda ya lalata yarinya ba a sasanta maganarsa a zaure, hukuma ake miƙa shi, ko ɗan wane ne.