Tafiyar fari zuwa Kurmi: wa ke yi wa samarin Adar jagora?

Kowace shekara, da zarar an gama kai hatsi rumbu, tashoshin Madawa, Buza da Keita kan cika da samari ƙungiya-ƙungiya, uku-uku ko biyar-biyar, kowa da ƴar jakarsa. Abokai ne da suka tashi unguwa guda, yawancinsu kuwa ko Yamai ba su taɓa takawa ba. Wani ragonsa ya sayar, wani bashi ya ci da sunan albasar baɗi. Sun nufi Abijan, birnin bakin teku, tafiyar da ta zarce kilomita 2000 ta Konni, Doso, Yamai, Wagadugu, Bobo da Buwake. Guzurinsu na sani bai wuce lambar wayar wani ɗan garinsu da ke Ajame ba, sai labaran da suka ji a dandali daga bakin waɗanda suka komo da sabbin tufafi.

Ba mu ga laifin tafiyar ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma ƙasar Adar, da duwatsunta da gajeren damananta, ba ta taɓa ciyar da ƴaƴanta watanni goma sha biyu ba tare da taimakon ƴan bida ba. Lokacin da aka soma babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, mata ne suka fi yawa wajen jera duwatsu da dasa itatuwa, domin maza suna waje. Al'adar ma ta girmi ƴancin kan ƙasa: tun cikin shekarun 1950 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Jaguar a kan abokai uku ƴan Nijar da suka gangara Akara da Kumasi neman arziki. Abin da muke tuhuma shi ne yadda hukuma ta bar wannan tafiya ta fari a hannun abota kaɗai, alhali makaho ba ya yi wa makaho jagora.

Abota tana da ranarta. Ita ke raba gari da ƙuli-ƙuli a hanya, ita ke gadin kaya in ɗaya ya yi barci, ita ke haɗa kuɗin magani in zazzaɓi ya kada wani. Amma a shingen jandarma ko na duwan, takarda ake tambaya. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba zai samu katin ɗan ƙasa ba. Wanda ba shi da katin allurar shawara, wadda Kodebuwa ke buƙata ga mai shiga ƙasarta, zai sayi wucewarsa da kuɗin da ya tanada don jari. Kafin su ga teku, aljihu ya huje. A birni kuma sai su tarar da Faransanci da Julanci, da kuɗin haya, da mai masauki wanda shi ma ɗaki guda yake rabawa da mutum shida. Nan ne ake ganin abokan ƙuruciya sun watse, wannan ya kama dako, wancan shayi, na uku kuma an daina jin ɗuriyarsa.

Tarihi ya isa ya koya mana cewa baƙo marar takarda shi ake fara kora. Gana ta yi haka a 1969 zamanin Busia, Najeriya ta yi a 1983 zamanin Shagari. Kodebuwa ta ɗora wa baƙi katin zama a farkon shekarun 1990, ba a soke shi ga ƴan Afirka ta Yamma ba sai a 2007. Rikicin ƙasar na 2002 da na 2010 zuwa 2011, da faɗuwar Gaddafi a 2011, sun maido dubban Adarawa gida hannu rabbana. Yau ma lamarin ya sake salo: yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba ɗan Nijar izinin shiga ƙasashen ƙungiyar har kwana 90 ba tare da biza ba, Nijar kuwa ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, aka kuma fito da fasfo na AES. Manyan ƴan kasuwa suna da masu karanta musu sanarwa. Saurayin ƙauyen Buza fa, wa ya zauna da shi ya gaya masa wace takarda ce za ta fisshe shi a kan iyaka?

Tun daga taron ƙasa na 1991, ƴan siyasarmu sun san hanyar Abijan sarai. Sun je neman gudummawar yaƙin zaɓe, har aka ware wa ƴan Nijar mazauna waje kujeru 5 a majalisar dokoki. Sai dai an kula da wanda ya riga ya yi arziki, an manta da wanda ke shirin hawa mota karon farko.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Daga watan Oktoba, masu riƙe da ƙananan hukumomin Madawa, Buza da Keita su sa alƙalai su zaga ƙauyuka ana yin takardun haihuwa a bainar jama'a, a kuma kawo allurar shawara kusa da tasha a farashin da kowa ya sani. Gidajen rediyon karkara su riƙa faɗa da Hausa da Tamashek takardun da ake buƙata, da abin da doka ta ce a biya da wanda cin hanci ne. Sarakuna da limamai su haɗa masu shirin tafiya da dattawan da suka shekara a Kurmi. Ofishin jakadancinmu na Abijan kuma ya haɗa kai da shugabannin ƴan Nijar na unguwanni, ta yadda duk sabon zuwa zai samu katin ofishin cikin makonsa na farko, a san sunansa da garinsu ko da ta ɓaci.

Kuɗin waɗannan samari ne ke sayen hatsi in damana ta gaza, su ke rufa ɗakuna da kwano, su ke biyan harajin iyayensu. Ƙasar da ke cin gumin ɗanta in ya dawo, wajibi ne ta raka shi da sani da takarda ranar da zai fita.