Borin Jini Mai Kisa Da Allurar Da Ta Gagari Talaka

Ɗan Arewa da ya zo Ikko ko Fatakwal neman abinci yakan tarar da cimar da bai saba da ita ba, musamman jatan lande da ƙaguwa da ake zubawa a miya. Galibi lafiya lau ake ci. Amma akwai wanda jininsa ba ya karɓarsu, kamar yadda wani ba ya shiri da gyaɗa, ko harbin zuma, ko allurar fenisilin. Cikin 'yan mintoci sai jiki ya yi rudu-rudu, leɓe da maƙogwaro su kumbura, numfashi ya sarƙe. In ba a hanzarta ba, sai rai ya yi halinsa.

Maganin farko a nan shi ne allurar adirenalin, wadda ke buɗe hanyar numfashi, ta kuma ɗaga bugun jinin da ya faɗi. Ƙwayar Piriton ƙaiƙayi kawai take ragewa. A Amurka tun 1987 aka amince da EpiPen, wato allura mai kama da alƙalami wadda mutum ke yi wa kansa. Ana danna ta a gefen cinya ta waje, ko da ta kan wando ne. In minti 5 ya wuce ba sauƙi, sai a yi ta biyu. Ko an ji dama, tilas a garzaya asibiti, domin abin yakan dawo.

To, ina gizo ke saƙa? Tsada. Kamfanin Mylan ya sayi EpiPen a 2007, guda biyu suna wajen dala 100. A 2016 sun kai dala 600, har majalisar Amurka ta kira shugabar kamfanin ta yi bayani. A Nijeriya kuwa samunta ma aiki ne, ga shi ba ta son zafi, kuma ba ta cika wuce wata 18 ba. Abin da asibitoci ke ajiyewa shi ne adirenalin na 'yar kwalba, mai araha, amma sai ma'aikacin lafiya ya auna.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da shi. Wanda abin ya taɓa kamawa kuwa, ya ga likita, ya sanar da abokan zamansa da Sarkin Hausawan unguwarsu, ya kuma riƙa tambayar abin da ke cikin miya kafin ya sa hannu. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Rigakafi dai ya fi magani.