Shirun tsohuwa ba tsufa kaɗai ba ne



A Katako, a Wadata ko a Babbar Kasuwar Yamai, kowa ya san wata tsohuwa da ta shekara talatin tana kasa kayan miya, rana ɗaya aka daina ganinta. In mun tambaya, sai a ce tsufa ne. In mun je gida, mu tarar da ita kwance, ba ci, ba barci, ba hira, tana cewa ta zame wa ƴaƴanta kaya. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu.

Sau da yawa ciwon damuwa ne, wanda kan biyo bayan rasuwar miji, karyewar jari ko kaɗaici. Cuta ce kamar hawan jini, kuma tana da magani. Amma me muke yi? Mu sayo ƙwayar barci wajen masu talla, ta sha, jiri ya kayar da ita, a koma jinyar karaya.

Wani babban maganinta magana ce, amma mai tsari. A birnin Harare na Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006: aka horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar gidan likita. Mai damuwa ya faɗi abin da ke cinsa, su zaɓi matsala guda, su nemo mafita tare, zama shida. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Mu me muka rasa? Tun 1991 aka kafa Mata Masu Dubara a Maradi, kuma har yau mata na haɗuwa don zubin asusu. Muna kira ga ma'aikatar lafiya ta horar da mace guda a kowace ƙungiya kan wannan aiki.

Kafin nan, mu ziyarci tsofaffinmu, mu saurare su, kada mu tsaya ga "ki yi haƙuri, Inna". Mu maido ta bakin rumfa ko da awa ɗaya ce. In abin ya wuce mako biyu, ko ta fara zancen gara mutuwa, a kai ta likita. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta hana neman magani.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, amin.