Daga barikin Samanja zuwa tashar jiragen Yauri

A hutun zangon karatun da ya wuce na je gida Birnin Yauri, sai wata ta'aziyya ta kama ni a wani ƙauye da ke tsallaken ruwa. Na isa wata tashar jiragen ruwa da hantsi, na yanki tikiti, na zauna ina kallon yadda ake lodi: buhunan shinkafa da albasa a ƙasa, babura biyu a kansu, sa'an nan mutane a duk inda ƙafa ta samu wurin tsayawa. Da na ga bakin jirgin ya kusa shan ruwa, sai na je wurin wani ma'aikaci mai riƙe da babban littafi, na tambaye shi ko akwai rigunan kariya daga nutsewa. Ya ce akwai, guda 40, sababbi fil, suna kulle a sito. Na ce to me ya hana a raba wa fasinjoji? Ya amsa mini cikin natsuwar wanda ya san aikinsa cewa shi aka damƙa wa su da sa hannunsa, duk ƙarshen wata ana zuwa ƙirga, in ɗaya ta ɓace a albashinsa za a cire. Na yi ta jero masa hujjoji irin namu na malaman jami'a, ko gezau bai yi ba. Can sai wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi ta ce masa, "Bar su a kulle, ɗana. In mun nutse sai ka ƙirga abinka, ka ga ko ɗaya ba ta jiƙe ba." Tashar duka ta kwashe da dariya, har da matuƙin jirgin. Ma'aikacin ya yi tsuru-tsuru, ya sosa ƙeya, ya laluba aljihu ya fito da makulli.

Tun daga ranar nake juya abin a zuciyata. Abin da dogon bayanina ya kasa, jimla biyu na tsohuwar nan sun yi shi, kuma sun yi shi ba tare da zagi ko rigima ba. Wannan ne ya dawo mini da wani nau'in wasan kwaikwayo da muka taɓa ƙwarewa a kansa a Arewa, muka sake shi ya suɓuce mana, wato wasan barkwanci na talabijin wanda ake gina shi a kan wurin aiki da ma'aikatansa.

Waɗanda muka taso a ƙarshen shekarun 1980, lokacin Yauri tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, muna tuna yadda yara kan cika tsakar gidan duk wani mai akwatin talabijin a unguwa idan za a nuna Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya ƙirƙiri wasan kuma ya fito a matsayin Samanja, Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi, an haife shi a 1942, ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023. Soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa, domin ya sa kaki a zamanin yaƙin basasa, kuma abin da ya gani da idonsa a bariki shi ya kawo gidajen rediyo da talabijin na Kaduna tun cikin shekarun 1970. Ya kamata mai karatu ya tuna irin lokacin. Rundunar sojan Nijeriya da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kumbura zuwa kimanin 250,000 a 1970, mulki yana hannun soja, kuma farar hula na kauce wa mai kaki a hanya. A irin wannan yanayi ne wani ya tsaya gaban kyamara ya mai da bariki abin dariya, sojoji da farar hula suka zauna suna kallo tare.

Hikimar wasan tana cikin muƙamin da ya zaɓa. Samanja mutum ne na tsakiya: a samansa akwai hafsoshi masu ba da umarni, a ƙarƙashinsa akwai saje da kofur da kurata masu karɓa, a bayansa kuma akwai iyali da ba ruwansu da igiyoyin da ke hannun rigarsa. Umarni kan sauko daga sama, ya bi ta bakinsa cikin Hausa gauraye da Turancin bariki, kafin ya isa ƙasa ya zama wani abu dabam. Mai kallo yana ganin mutumin da ke girgiza filin fareti da tsawa yana ƙanƙan da kai gaban na gaba da shi, yana kuma rasa ta cewa a cikin gidansa. Wanda ya ga haka sau ɗaya ya fahimci cewa mai tsawar nan shi ma tsoro yake ji, kamar yadda ma'aikacin tashar jirginmu ke tsoron ranar ƙirga. Yadda ake shirya irin waɗannan wasanni ma ya taimaka. Al'adar wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talabijin a wancan zamani ita ce a tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan 'yan wasa su cika maganganun da bakinsu. Janet Beik ta bayyana irin wannan tsari a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Jamhuriyar Nijar. Shi ya sa maganar da ke fitowa takan zama irin wadda ake ji a kasuwa da tasha, ba ta da warin takarda.

Domin a ga yadda ake ɗinka kashi guda na irin wannan wasa daga farko zuwa ƙarshe, bari in ɗauko misali daga Ingila. A 1980 gidan talabijin na BBC ya fara nuna Yes Minister, wanda Antony Jay da Jonathan Lynn suka rubuta, a kan wani minista mai suna Jim Hacker da babban sakataren ma'aikatarsa, Sir Humphrey Appleby. Kashin da ya buɗe zango na biyu a watan Fabrairun 1981 ya tafi kamar haka. Minista ya ji daga bakin direbansa cewa akwai wani sabon asibiti a arewacin Landan da aka gama ginawa wata 15 da suka wuce, yana da ma'aikatan ofis da na hidima kimanin 500, amma babu likita kuma babu majinyaci ko ɗaya, saboda kuɗin ɗaukar likitoci bai samu ba. Ya kai ziyara, ya tarar kowa yana fama da aiki: ana cika takardu, ana tsara kasafi, ana share ɗakuna, har ana alfahari da cewa asibitin na cikin jerin masu neman lambar yabo ta tsafta. Ya ce a rage ma'aikatan ofis a ɗauki likitoci ko a rufe wurin. Babban sakatare ya kare asibitin da hujjoji masu tsari, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki. Ana cikin haka, shi kansa ministan yana fuskantar bincike kan wasu alƙaluman rage ma'aikata da ya gabatar wa majalisa, kuma shugaban kwamitin binciken yana neman inda za a tsugunar da 'yan gudun hijirar ƙasar Kuba su 1,000. A ƙarshe minista ya ba da gadajen asibitin ga 'yan gudun hijirar domin rahoton bincike ya yi masa sauƙi. Kowa ya tsira da kujerarsa, asibiti kuwa bai warkar da kowa ba.

Abin lura a nan shi ne babu ɓarawo a cikin labarin. Kowane mutum yana bin ƙa'idar da aka ba shi, yana kare abincinsa, kuma in ka saurare shi shi kaɗai sai ka ce yana da gaskiya. Dariyar tana tasowa ne daga tazarar da ke tsakanin dalilin da ya sa aka kafa wuri da abin da wurin ya koma yi. Marubutan ba daga ka suka ƙago wannan ba. Sun riƙa zama da mutanen da suka yi aiki a ofishin firaminista, irin su Bernard Donoughue da Marcia Falkender, sun kuma karanta littafin tarihin yau da kullum na tsohon minista Richard Crossman. An ɗauki wasan a gaban 'yan kallo na gaske, ana jin dariyarsu, kuma ba a taɓa faɗin jam'iyyar ministan ba, don kada wani ɓangare ya ce da shi ake. Har Firaminista Margaret Thatcher ta zama cikin masu son wasan, ta kuma fito a wani ɗan gajeren wasa tare da 'yan wasan biyu a 1984. Pategi da waɗannan marubuta ba su san juna ba, amma hanya ɗaya suka bi: sanin wurin aiki ciki da bai, sa'an nan a yi dariyar tsarin ba tare da an tozarta mutumin da tsarin ya ɗaure ba.

Idan muka dubo abin da ake nunawa yau, ba za mu ce an yi barci ba. Tashar Arewa24 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi, ga kuma ɗimbin finafinai masu dogon zango a YouTube. Sai dai barkwancinmu kusan duka ya koma cikin gida: kishi, gado, bashi, neman aure. Wurin aiki, inda talaka ke haɗuwa da hukuma ido da ido, an bar shi fayau. Ga sakatariyar ƙaramar hukuma, ga ɗakin karɓar kati a asibiti, ga ofishin fansho, ga ɗakin malamai a makarantar firamare, ga ma ofishin jarrabawa na jami'a, don kada a ce na tsame namu. A waɗannan wurare ne rayuwar mutane ke gyaruwa ko ta lalace, sau da yawa a kan sa hannu guda ko makullin da wani ya tafi da shi.

Da ni mai shirya wasa ne, tashar jirgin ruwa zan zaɓa, kuma a ƙasar Yauri. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya shanye tsibirai da gonaki, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, jirgi ya zama motar mutanen Yauri da Ngaski da Shanga. A tasha guda za ka ji Hausa da Gunganci da Kambarci, ka ga Sarkawa masunta da fatake da ɗalibai. Ga mai yankan tikiti, ga ɗan kamasho da ke cin riba a kan kowane kai, ga matuƙin da ya san inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa amma bai isa ya musa wa mai jirgi ba, ga jami'i da littafinsa, ga mai shayi da ya san asirin kowa. Kashi na farko ma tsohuwar nan ta riga ta rubuta mana shi. Abin da za a ƙara kawai shi ne ranar da mai ƙirga zai zo daga birni, ya tarar da riguna 40 cif, ya rubuta wa ma'aikacin takardar yabo, sa'an nan ya ce a tsallaka da shi a jirgin da aka cika maƙil.

Na san wani zai ce wannan ba abin wasa ba ne, kuma ba zan raina maganarsa ba. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski, 'yan kaɗan aka ceto, kuma hukumomi sun danganta abin da yawan lodi. Akwai gidajen da har yau ba su daina kuka ba. Wasa a kan gawa haram ne a al'adarmu, kuma haka ya dace. Amma abin da nake nufi shi ne safiyar da ta gabaci hatsari, lokacin da ake cewa "ƙara mutum biyar, Allah Ya kiyaye", lokacin da gyara yake yiwuwa. Bayan kowane hatsari akan yi ta'aziyya, a kafa kwamiti, a raba riguna a gaban 'yan jarida, bayan wata uku a manta. Wasan da ke dawowa kowane mako ba ya bari a manta. Yakan ba ɗabi'a suna, har yara su riƙa kiran duk mai kulle kayan aiki da sunan ɗan wasan da ke yin haka, kuma Bahaushe ya fi tsoron a yi masa dariya a kasuwa fiye da a aiko masa da takardar gargaɗi.

Akwai sharaɗi, domin barkwanci wuƙa ce mai kaifi biyu. In aka juya shi kan Bagunge ko Bakambare saboda karin harshensa, ko kan ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, an yi zalunci, an kuma bar mai laifi. Dole dariyar ta hau sama har ta isa ga wanda ya rubuta dokar cire kuɗin riga daga albashi bai rubuta dokar sa ta a jikin fasinja ba. Wannan kuwa sai da bincike. Ina kira ga ɗalibanmu na sassan Hausa da wasan kwaikwayo da aikin jarida, musamman 'yan Jihar Kebbi, su ware mako biyu na hutunsu su zauna a tasha ko sakatariya da littafi da biro, su saurara, su rubuta yadda mutane ke magana, kafin su taɓa kyamara. Wayar hannu ta yau ta fi kayan ɗaukar hoton da Pategi ya fara da su. Abin da ya fi mu shi ne ya zauna a bariki har ya san ta.

Da muka sauka a tsallake ran nan, na ga ma'aikacin ya aiko yaro a cikin jirgin yana karɓar rigunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi. Sun cika 40. Tsohuwar ta miƙa tata, ta ɗauki kwandonta ta hau tudu. Allah Ya jiƙan Samanja da waɗanda ruwa ya ci, Ya kiyaye matafiyanmu. Mu haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.