Hasashen NBA daga Ƙanƙara: Wa zai ɗau kofin 2026, kuma yaushe za a sake kiran sunan ɗan Arewa?

Da misalin ƙarfe ɗaya na dare, wayewar garin Litinin 23 ga Yunin 2025, aka take wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, tsakanin Oklahoma City Thunder da Indiana Pacers. A Ƙanƙara ba lokaci ne da mai gidan kallo zai tayar da janareta ba, balle mutum ya fito yawon dare a yankin da kowa ya san halin da ake ciki. Mu 'yan tsirarun da ke bin wannan wasa sai dai mu kwanta da waya a gefen matashi, bayan sallar Asuba mu duba sakamako idan sabis ya yarda.

Thunder ce ta yi nasara da maki 103 da 91 a wasa na bakwai. Ni kuwa tun watan Afrilu na ci alwashi a majalisarmu cewa Boston Celtics ce za ta sake ɗaukar kofin. New York Knicks ta yi waje da ita tun a zagaye na biyu. Cleveland Cavaliers, wadda ta ci wasa 64 cikin 82 na kaka, ita ma a zagayen Indiana ta sallame ta. Abokaina 'yan Arsenal da Barcelona, waɗanda ba su san ko mutum nawa ke shiga fili a ƙwallon kwando ba, har yau ba su daina yi mini tsiya ba.

Kuskuren ba nawa ni kaɗai ba ne. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofin: Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston, sai Oklahoma. Zuwa 2025, rabon da wata ta kare kambunta tun Golden State a 2017 da 2018. Babban dalili shi ne yarjejeniyar albashi ta 2023, wadda ke ɗaure hannun duk ƙungiyar da kuɗin da take biyan 'yan wasa ya haura wani ƙa'idajjen mataki: ga tara mai nauyi, ga takunkumi wajen musayar 'yan wasa. Shi ya sa Boston, shekara ɗaya kacal bayan ɗaukar kofi, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a mako guda.

Sai kuma rauni. Jayson Tatum na Boston ya tsinke jijiyar agara a watan Mayu, Tyrese Haliburton na Indiana ya tsinke tasa mintuna kaɗan da fara wasa na bakwai. Raunin agara kan cinye wa ɗan wasa kusan kaka guda.

Duk da haka mai hali ba ya fasa halinsa, ga nawa hasashen na 2026. A Yamma, Thunder. Ta ci wasa 68 a kakar da ta ƙare a 2025, Shai Gilgeous-Alexander ne gwarzon gasar, kuma manyan mataimakansa biyu, Jalen Williams da Chet Holmgren, ba su kai shekara 25 ba lokacin da aka ɗaga kofin. Denver ta Nikola Jokic ce nake jin tsoro, domin sai da ta kai su wasa na bakwai. Houston ta ɗauko Kevin Durant, amma shekarunsa sun haura 36. A Gabas, a tsakiyar 2025 da Boston da Indiana duk suna jinya, don haka fili ya rage wa Cleveland da New York. Na zaɓi New York, kuma ba zan ɓoye ba akwai son kai a ciki, saboda OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Kofin kuma na bar wa Thunder.

Ranar da na ƙarshe ke zama na farko

Kwana uku bayan wasan ƙarshe aka yi zaɓen sabbin 'yan wasa a birnin New York. Ga wanda ya saba da kasuwar Firimiya, inda mai kuɗi ke sayen wanda ya ga dama, tsarin zai zo masa baƙo. Ƙungiyoyi 30 ne ke zaɓar matasa bi da bi a zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kaka su ake ba damar farawa. Don kada wata ta riƙa faɗuwa da gangan, sai ake jefa ƙuri'a tsakanin 14 da ba su kai zagayen fitar da gwani ba. Uku na can ƙasa kowacce damarta kashi 14 cikin 100 ce. A 2025 Dallas, mai damar kashi 1.8 kacal, ita ƙuri'a ta faɗa wa, watanni kaɗan bayan ta miƙa wa Lakers tauraronta Luka Doncic. Ta ɗauki Cooper Flagg ɗan shekara 18 daga jami'ar Duke.

Bayan zaɓen 2025 masu sharhi sun koma kan 2026, inda sunaye uku suka kasance a gaba: AJ Dybantsa, wanda mahaifinsa ɗan Kongo Brazzaville ne, da Darryn Peterson, da Cameron Boozer. Ina karanta irin wannan jeri da taka-tsantsan. Michael Olowokandi, haifaffen Legas, shi ne na ɗaya a 1998, bai taɓa zama abin da aka zata ba. Giannis Antetokounmpo na 15 ne a 2013. Jokic na 41 ne a 2014, kuma sau uku yana zama gwarzon gasar.

Amma sunan da ya hana ni barci a zaɓen 2025 shi ne na goma, Khaman Maluach, wanda ya tafi Phoenix Suns. Ɗan Sudan ta Kudu ne da yaƙi ya kora iyalinsa Uganda, ya tashi a unguwar Kawempe ta birnin Kampala. Bai fara wasan ba sai yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka, bayan ya halarci sansanin horo na Luol Deng. Daga nan makarantar NBA da ke Senegal ta ɗauke shi, ya buga gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, ya wakilci ƙasarsa a Olamfik na 2024, ya yi shekara ɗaya a Duke. Cikin shekara shida ke nan.

Tsawonsa ya haura mita biyu da santimita goma, wannan baiwa ce daga Allah. Sauran duk hanya ce da mutane suka shimfiɗa: akwai fili, akwai wanda ya gan shi, akwai inda aka miƙa shi. Dogayen yara ba su ƙare ba a Faskari da Sabuwa da rugagen da ke kewaye da mu. Kowa ya san irin yaron da ake tsokana da "Dogo" ko "Zanƙalele" a aji, wanda ake turawa tsaron gida a ƙwallon ƙafa don babu inda za a sa shi.

Da can hanyar ta nan ta bi

Abin da ke ci mini rai shi ne Arewa ta taɓa mallakar irin wannan hanya. Hakeem Olajuwon, na ɗaya a zaɓen 1984, a gaban Michael Jordan da ya zo na uku, ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsu ta Legas. A wani bikin wasannin makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa shi a tawagar ƙwallon kwando.

Zariya kuwa cibiya ce. A can koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello, ya horar da yara masu yawa, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya tashi a garin. Ujiri ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin 2019, kuma ya bar muƙamin kwana ɗaya bayan kammala zaɓen 2025. Ta sansanonin da ya riƙa shiryawa a Najeriya aka gano Solomon Alabi, haifaffen Kaduna, wanda aka zaɓa na 50 a 2010 ya buga wa Toronto kaka biyu. Daga Ƙanƙara zuwa Zariya ta Funtua tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Ga kuma Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta ɗauki kofin Najeriya a 2013 da 2014 da 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a 2016. Yaron da ya iya wasa a Katsina ko Gusau a wancan lokaci ya san inda zai dosa.

A Yunin 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, ta dare gida biyu. Aka zaɓi Tijjani Umar a Kano, washegari aka zaɓi Musa Kida a Abuja. Gasar cikin gida ta shiga halin yau a buga gobe a fasa, masu ɗaukar nauyi suka ja da baya. Rikicin ya kai ga gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya a Mayun 2022. Ko da ta janye matakin bayan 'yan makonni, an riga an ba Mali gurbin tawagar mata ta D'Tigress a gasar cin kofin duniya. Da aka fara BAL a 2021, gasar da masu farautar 'yan wasa na NBA ke zuba wa ido, Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta fi wakiltar Najeriya, har ta zo ta uku a 2024. A zaɓen 2020 an kira sunayen matasa takwas masu tushe a Najeriya, amma akasarinsu a ƙasashen waje aka haife su.

Namu ciwon ya fi na hukuma zurfi. A wannan yanki makarantar kwana ce wurin da yaro ya fi samun damar fara taɓa ƙwallon kwando, a hannun malamin wasanni, daga nan a je gasar makarantu irin ta Milo. A daren 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana, kuma iyaye da yawa sun daina yarda ɗansu ya kwana nesa da gida. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai a Disamba aka dawo da su. Aka buɗe kakar NBA ta wannan shekara ba mu ga ko sakamako ba. Yaran da ke da shekara 13 a lokacin, shekarun da Maluach ya fara, a 2025 sun doshi 18.

Ba na ganin maganin yana wajen NBA. Fili ɗaya na siminti da kwando biyu a tsakiyar gari, inda ake da tsaro da rana, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, kuma bai kai girman rabin filin ƙwallon ƙafa ba. Gidauniyar Ujiri, Giants of Africa, ta yi alƙawarin gina filaye 100 a faɗin Afirka tun 2021. Ɗan Zariya ne, kuma neman a kawo ɗaya kudancin Katsina aiki ne da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa zai iya farawa da wasiƙa guda.

Hasashena na ƙarshe shi ne wanda nake fatan ya zama kuskure kamar na Boston: a zaɓen 2026 da na 2027 za a sake kiran sunayen 'yan Najeriya, amma daga Legas ko Fatakwal ko Landan ko Texas za su fito.